'Yan sandan jiha: daga kulkin ɗan doka zuwa sashe na 214

Damina biyu da suka wuce aka kwance wa Baffana shanun huɗa guda biyu daga turke, da tsakar dare, a ƙauyenmu da ke Jigawa. Mai unguwa aka fara tasa daga barci. Shi ya tura yaro gidan dagaci, dagaci ya sa aka kira shugaban 'yan sintiri, kafin a kira assalatu matasa wajen goma sun bi sawu da tocila da gora har inda sawun ya hau burji ya ɓace. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan wani ya ce, af, ai ya kamata a sanar da hukuma. Ni aka aika. Caji ofis ɗin da ya fi kusa da mu tafiyar kusan awa guda ce a babur in ƙasa ta bushe, da damina kuwa sai abin da Allah ya yi. Mutum uku na tarar, da mota ɗaya a gindin darbejiya babu mai a cikinta. Wanda ya ɗauki rahoton mutumin kirki ne, har ruwa ya ba ni, amma baƙo ne a ƙasar, sai da na faɗa masa sunan ƙauyenmu sau uku kafin ya rubuta daidai.

Da daddare muna kan tabarma, rediyo na ta muhawara kan 'yan sandan jihohi, na ce, "Baffa, da jiha na da nata 'yan sandan, da yanzu shanunka na turke." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. 'Yan doka kake nufi, mu mun gan su. Da su ne, kafin azahar an ɗaure ɓarawon. Amma da su ne, da ban isa in zauna a ƙofar gidan nan ina sukar gwamnati yadda ka saba jina ba."

Duk gardamar da ake yi a Abuja tsakanin rabin maganar Baffa na farko da na biyu take kai-kawo. Kuma ba yau aka fara ta ba, dokokin ƙasar nan sun fi shekara ɗari suna wannan lilo.

Kafin zuwan Turawa dogarai ne hannun sarki, su kama, su tsare, su zartar da hukuncin alƙali. Da aka ci Kano a 1903 Gwamna Lugga bai rushe su ba, don mulkinsa ta hannun sarakuna yake bi. Dokar En'e ta 1916 ta ɗora wa hukumomin gargajiya nauyin kiyaye zaman lafiya a ƙasashensu, a shekarun 1920 kuma aka yi wa aikin gyaran fuska, aka ɗebi mutane aka koya musu fareti, aka ba su kaki da kulki da albashi daga baitulmalin En'e. Su ne 'yan doka. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, kuma sau da yawa ɗan sarki ake naɗawa. Marigayi Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya hau gadon sarauta a 1963. A lokacin Lardin Kano En'e huɗu ne, Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, kowace da 'yan dokarta. Mutumin Dutse ko Ringim ko Birnin Kudu a ƙarƙashin hakiman Kano yake, don haka ɗan dokar da zai zo masa na Kano ne.

Gwamnatin Turawa ita ma tana da tata rundunar, wadda ta samo tushe daga masu gadi 30 da aka ɗauka a Legas a 1861. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya. Amma a nan Arewa aikinta bai wuce bariki da hanyar jirgin ƙasa da unguwannin baƙi ba. Talakan ƙauye zai iya tsufa bai taɓa ganin ɗan sandan gwamnati ido da ido ba.

Akwai abin da masu muhawara ke yawan kuskurewa a nan. Tun da aka haɗe rundunonin a 1930, Najeriya ba ta taɓa yin 'yan sandan jiha ba, ba ta ma taɓa yin na yanki ba. Abin da tsarin mulkin 1960 da na 1963 suka yarda da shi shi ne majalisar yanki ta yi doka ta ba En'e ko ƙaramar hukuma damar riƙe 'yan sandan da za su yi aiki a cikin lardinsu kawai. Sardauna, a matsayinsa na Firimiya, ba shi da rundunar da ake kira ta Jihar Arewa. Arewa da Yamma suka yi amfani da wannan dama, Gabas ba ta yi ba. Tun kafin 'yancin kai ma kwamitin Willink, wanda ya saurari koken ƙananan ƙabilu ya miƙa rahoto a 1958, ya nuna cewa runduna ɗaya ta ƙasa ita ce za ta kwantar da hankalin masu tsoron manyan jam'iyyun yankuna.

Abin da ya kashe 'yan doka siyasa ce. Da aka kafa NEPU a 1950, su Malam Aminu Kano suka tarar da tsarin da ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne, izinin yin taro ma a hannun En'e yake, ita kuma En'e da NPC Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda zai kama ka da wanda zai yanke maka hukunci da wanda zai rufe ka, duk baitulmali ɗaya ke biyansu. Taro ba izini, zagin sarki, jinkirin haraji, ko wanne ya isa a ɗaure mutum wata uku ana gab da zaɓe. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan zamani, ita da ɗaruruwan da ba a rubuta sunayensu ba. A Yamma ma haka aka yi da 'yan sandan ƙananan hukumomi a zaɓukan 1964 da 1965. Don haka da sojoji suka karɓi mulki a 1966 ba su sha wahalar samun hujja ba. Aka fara sa 'yan doka a ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar, wani kwamitin nazari ya ba da shawarar a haɗe su gaba ɗaya, gwamnatin Gowon ta amince, zuwa farkon shekarun 1970 an narkar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar ƙasa, an sallami sauran. A wannan tsakanin ne kuma aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1979 sun ga 'yan doka, sun kuma ga yaƙin basasa, sai suka rufe ƙofar ruf. Na 1999 ya kwafo. Sashe na 214 ya ce za a yi runduna ɗaya mai suna rundunar 'yan sandan Najeriya, kuma ba za a kafa wata ba, ko don tarayya ko don wani ɓangare nata. Aka ƙara sakata biyu. 'Yan sanda su ne abu na 45 a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, makamai da harsasai kuma su ne abu na 2 a wannan jeri. Ma'ana ko majalisar Dutse ko ta Kano ta kwana tana zama, ba ta da hurumin kafa runduna, ba ta da hurumin ba kowa bindiga.

To gwamna fa, da ake ce masa babban jami'in tsaron jiha? Wannan laƙabi na bakin 'yan jarida ne, babu shi a kundin. Abin da ke ciki shi ne sashe na 215, ƙaramin sashe na 4. Gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni na halas kan zaman lafiya, kuma kwamishina ya bi. Sai aka biyo da "amma": kafin ya aiwatar, kwamishina na iya neman a kai maganar gaban shugaban ƙasa ko ministan da ya wakilta. Ƙaramin sashe na 5 ya ƙara da cewa kotu ba za ta binciki ko an ba da irin wannan umarni ba. An ba ka da dama an karɓe da hagu ke nan. Gwamnoni duka 36 'yan Majalisar 'Yan Sanda ta ƙasa ne, amma shugaban ƙasa ke jagorantarta, kuma aikinta bai wuce shawara da sa ido ba. Naɗi da ƙarin girma da ladabtarwa suna hannun wata hukuma a Abuja.

Kanawa sun ɗanɗana wannan sashe fiye da kowa. A Jamhuriya ta Biyu magadan NEPU ne ke mulkin Kano a ƙarƙashin PRP da Abubakar Rimi, tarayya kuma na hannun NPN. Mutanen da suka yi shekaru suna kuka da 'yan sandan gida sai ga su suna kuka da na tarayya, musamman bayan tarzomar 10 ga Yuli 1981 da aka ƙone gine-ginen gwamnati aka kashe Dakta Bala Muhammad, magoya bayan gwamnatin suka zargi 'yan sanda da zuba ido. An gudu ba a tsira ba. A Mayun 2024 kuma, lokacin rigimar masarauta, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin a kama Aminu Ado Bayero, sarkin da aka tuɓe, bayan ya dawo ya sauka a gidan Nasarawa, 'yan sanda suka ce su umarnin kotu za su bi. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan rigima, ya tsaya ya yi wa kansa lissafi: da a ranar akwai runduna ta jiha mai bindiga tana karɓar umarni daga gidan gwamnati, ga ta tarayya a tsallaken titi tana karɓar nata daga Abuja, da me aka wayi gari da shi? Mai goyon bayan 'yan sandan jiha zai ce wannan rana ta nuna gwamna hoto ne. Mai adawa zai ce wannan rana ta nuna dalilin da ya sa aka rubuta sashe na 214. Dukansu da abin da suka gani.

Da ƙofa ta rufu sai jihohi suka koma taga. Kundin ya ba majalisar jiha ikon yin doka don zaman lafiya da kyakkyawan mulki, da wannan suke kafa hukumomin da ke kama da 'yan sanda amma ba a kiransu haka. Kano ta yi dokar Hisba a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A 2006 gwamnatin tarayya ta ce haramtacciyar runduna ce, aka kama kwamandanta, Sheikh Yahaya Faruk Chedi. Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, amma a 2007 kotun ta ce ba ta da hurumin fara sauraren ƙarar, don a ganinta ba rikici ba ne tsakanin jiha da tarayya irin wanda ake kawo mata kai tsaye. Ainihin tambayar, wato ina iyakar abin da jiha za ta iya kafawa, aka tashi ba a amsa ta ba. Hisba ta ci gaba da aikinta, KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa ta biyo a 2012. A Janairun 2020 gwamnonin Kudu maso Yamma suka ƙaddamar da dakarun tsaro na Amotekun, Antoni Janar Abubakar Malami ya ce ta saɓa doka, aka sasanta a kan kowace jiha ta je majalisarta ta yi tata dokar. Katsina ta kafa dakarunta na sa ido a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024.

Duk waɗannan suna tafiya ne da ƙafa ɗaya. Kamun da suke yi kusan irin wanda doka ta yardar wa kowane ɗan ƙasa ne, ka kama mai laifi ka miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Makaminsu kuma sai wanda tarayya ta lamunta. Gwamnan Binuwai na lokacin, Samuel Ortom, ya nemi lasisin AK-47 don dakarun jiharsa a 2022 bai samu ba. Sai ka ga an tura yaro da bindigar toka ya tari mutumin da ke rataye da jigidar harsashi.

Yanzu mu dawo kan abin da na ce a riƙe. Jiha a yau tana yin dokar laifuka, Kano da Jigawa suna da finalkod suna da dokokin Shari'a tun farkon shekarun 2000. Jiha tana da kotunanta, daga majistare da kotun Shari'a har babbar kotu. Tana da Antoni Janar mai ikon shigar da ƙara da janye ta, kuma gwamna ke naɗa shi. A Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya mayar da gidajen gyaran hali cikin jerin haɗaka, tare da lantarki da jirgin ƙasa, wato jiha na iya gina gidan yarinta. Abu ɗaya ya rage, mai kamawa. Daga nan hujja mafi ƙarfi ta masu son gyara ta fito, cewa babu hankali a ce kai ke yin doka, kai ke hukunci, amma mai aiwatarwa sai an aro maka daga Abuja. Daga nan kuma tsoro mafi girma ya fito, don ranar da aka ba gwamna mai kamawa, abubuwa ukun da aka raba bayan 1966 sun sake haɗuwa a gida ɗaya. Bambancin kawai, da can En'e ce, yanzu gidan gwamnati.

Ana yawan cewa ai Amurka na da su. Tana da su, amma ta wata hanya ta bi. Can jihohi ne suka riga tarayya, gyara na 10 na kundinsu, na 1791, ya bar musu duk ikon da ba a ba tarayya ba, har da tsaro na cikin gida. Duk da haka rundunonin jiha sun makara, aikin ya daɗe a hannun 'yan sandan gari da na gunduma, su na gundumar ma a yawancin wurare jama'a ke zaɓen shugabansu da ƙuri'a. Rundunar jiha irin ta zamani ta fara ne a Pensilbaniya a 1905, kuma dalilinta abin lura ne. Kamfanonin kwal ne ke riƙe da 'yan sandansu na kansu da izinin jiha, suna murƙushe ma'aikata, bayan babban yajin aikin 1902 aka ga gara jiha ta karɓi aikin. Yau hukumomin 'yan sanda a Amurka sun kai wajen 18,000. Kuma ba tsarkaka ba ne. Ranar 7 ga Maris 1965 'yan sandan jihar Alabama ne, zamanin Gwamna George Wallace, suka far wa baƙaƙen fata masu zanga-zangar neman 'yancin zaɓe a kan gadar Selma da kulake da barkonon tsohuwa. Abin da ya taka musu burki kotunan tarayya ne da dokokin tarayya, irin wadda ta ba mutum damar kai jami'in jiha ƙara in ya take masa haƙƙi, da ta 1994 da ta ba ma'aikatar shari'a ta tarayya ikon gurfanar da runduna sukutum in zalunci ya zame mata ɗabi'a. Mai son kwafo Amurka sai ya kwafo har da burkin.

Ni labarin Kanada ya fi ja mini hankali, don ya fi kama da aljihunmu. Kundinsu na 1867 ya ba tarayya ikon rubuta dokar laifuka, ya ba larduna ikon gudanar da shari'a, har da 'yan sanda. Kowane lardi na da 'yancin kafa rundunarsa, kuma da yawa sun kafa. Sai kuɗi ya yi magana. Lardin Saskachewan ya kafa a 1917 ya rushe a 1928, Albata ta kafa a 1917 ta rushe a 1932 lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, Biritish Kolombiya ta miƙa tata a 1950. Yau larduna takwas cikin goma hayar rundunar tarayya suke yi da yarjejeniya, lardi ya biya kashi 70 cikin ɗari, tarayya ta biya 30, lardi ya faɗi abin da yake so a fi ba muhimmanci. Ontariyo da Kwibek, masu yawan jama'a da dukiya, su ke riƙe da cikakkun rundunoninsu. Iko a takarda daban, iya ɗaukar nauyi daban, kuma tsakanin "namu kaɗai" da "na Abuja kaɗai" akwai hanya ta uku da ba a cika ambatonta a muhawararmu ba.

Indiya kuwa, wadda Turawan da suka mulke mu suka mulka, kundinta ya sa 'yan sanda a jerin ikon jihohi, amma manyan hafsoshi tarayya ke ɗaukarsu ta horar da su ta rarraba wa jihohi. Ciwon da ya kama su shi ne canjin wurin aiki, duk hafsan da ya ƙi bin son ran mai mulki sai a wurga shi wani lungu. Sai da wani tsohon shugaban 'yan sanda, Prakash Singh, ya kai ƙara, a 2006 Kotun Ƙolinsu ta ba da umarni bakwai, ciki har da wa'adin aƙalla shekara biyu ga shugaban rundunar jiha da kafa hukumar karɓar koke. Jihohi da dama har yau jan ƙafa suke yi.

A nan gida hanyar gyara sananniya ce, sashe na 9 ya shimfiɗa ta: kashi biyu cikin uku na kowane zaure, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a yi, kwamitin APC da Nasir El-Rufa'i ya jagoranta ya maimaita a 2018. Gwamnonin Arewa da suka ƙi abin a 2012 su ne a 2022, bayan ɓarayin daji sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, suka fito tare da sarakuna suna neman a yi. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya zauna da gwamnoni suka amince a duba, a watan kuma ƙudirin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranta ya tsallake karatu na biyu. Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya aika saƙo a Afrilun shekarar cewa ƙasar ba ta nuna ba tukuna.

Ra'ayina, in an tambaye ni, runduna ɗaya da ba ta kai mutum 400,000 ba ba za ta tsare mutum sama da miliyan 200 daga ofis ɗaya a Abuja ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma goge jimla ɗaya a sashe na 214 shi ne ɓangare mafi sauƙi. Muna da madubi a gabanmu, hukumomin zaɓe na jihohi. Su ma kundin ya ce masu zaman kansu ne. A Oktoban 2024 APC ta lashe kujerun ciyaman 27 cikin 27 a Jigawa, NNPP ta lashe 44 cikin 44 a Kano. Jam'iyyu biyu masu hamayya, sakamako iri ɗaya. Wanda ya ga haka ya ce yana tsoron a ba gwamna bindiga, ba za a ce masa matsoraci ba.

Saboda haka duk ƙudirin da aka kawo, ni ba taken zan karanta ba, wurin cire kwamishina zan fara leƙawa. In gwamna na iya tsige shi da sanarwar rediyo, to Wakilin Doka aka dawo da shi. In sai da wa'adi tsayayye da amincewar wata hukuma da ba gwamna ya cika ta da yaransa ba, da sauran magana. Majalisar jiha kaɗai ba ta isa zama burki ba, kowa ya san yadda yawancinsu suke da gidan gwamnati. Sai ɗaukar aiki. In ta hannun kansila da ciyaman na jam'iyya za a raba gurabe, 'yan jagaliyar da aka yi kamfe da su za a ɗinka wa kaki. Sai ranar zaɓe, wa zai tsaya a rumfa? Sai kuma inda talaka zai kai kuka in ɗan sandan jiha ya mare shi ko ya karɓi kuɗin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne, da sharuɗɗan da tarayya za ta iya karɓe ragama in runduna ta kauce, don wannan ikon ma in ba a ɗaure shi ba shugaban ƙasa zai mayar da shi bulalar dukan gwamnonin adawa.

Kuɗi kuwa mu yi lissafin 'yan kasuwa. Mu ƙaddara jiha ta ɗauki mutum 5,000 a kan naira 100,000 a wata. Miliyan 500 ke nan duk wata, biliyan 6 a shekara, ba a sayi mota ko ɗaya ba, ba a zuba mai ba, ba a gina bariki ba, ba a yi maganar fansho ba. Kano da Jigawa, kamar yawancin jihohi, kason wata-wata daga asusun tarayya suke jira. Malamin makaranta in an riƙe masa albashi yajin aiki zai tafi. Mai bindiga in an riƙe masa, shingen hanya zai kafa. Shi ya sa wasu ke cewa a cire kuɗin rundunar tun daga tushe kafin ya shiga hannun gwamna, kuma a ganina suna da gaskiya.

Akwai kuma abin da mu mutanen karkara muka fi kowa sani. Ɓarawon shanu ba ya duba taswira. Jigawa na iyaka da Kano da Katsina da Bauci da Yobe da Jamhuriyar Nijar. San da aka kwance daren Laraba zai iya kwana a Maigatari ranar Alhamis, ko ya tsallaka Wudil ranar Juma'a. In ɗan sandan Jigawa ya biyo sawu ya iso iyakar Kano, ya tsaya ko ya wuce? Dole doka ta faɗa ƙarara, in ba haka ba ɓarawo ya samu mafaka a kowace iyaka. Sannan kusancin da muke yabo yana da kaifi biyu. Ɗan gari ya san kowa, gaskiya ne, amma shi ma yana da dangi da surukai da abokan gaba. A kwarin Haɗeja, wajen Guri da Kirikasamma, kusan duk kaka sai an yi tsama tsakanin manoma da makiyaya. In rundunar 'ya'yan manoma ce zalla, Bafulatani ba zai gan ta a matsayin hukuma ba, ɓangare zai ɗauke ta. Mun ji yadda aikin 'yan sa-kai ya ƙara wa wutar Zamfara fetur. Baƙon nan da ya kasa rubuta sunan ƙauyenmu, aƙalla ba shi da gona a cikin rigimar.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne kalmar "jiha" kanta. Daga ƙauyenmu Dutse ma nesa ce. 'Yan doka da Baffa ke tunawa sun yi saurin kama ɓarawo ne don suna zaune a gindin hakimi, hakimi na jin dagaci, dagaci na jin mai unguwa, mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a gari. Wannan sarƙa har yau tana aiki, ita ce ta tashi da daddare ranar da aka kwance shanun, amma kundin 1999 bai ba ta wani aiki ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1943, ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, sai dai a wurare irin namu sunansu kawai ake ji. In rundunar jiha ta zo aka jibge rabinta a gidan gwamnati da ayarin kwamishinoni da ƙofar masu kuɗi, to launin kaki kawai aka canza, mutum ukun nan na gindin darbejiya za su zama mutum uku masu sabon baje. Zan so in ga doka ta faɗi adadin da dole a ajiye a kowace mazaɓa, ta kuma faɗi matsayin ɗan sintiri, wa ke tantance shi, wa ke biyansa, wa ke hukunta shi in ya wuce gona da iri.

Shanun Baffa, bayan kwana tara aka gano ɗaya. Wani dillali ne a kasuwar ƙauye ya ga tabon da ke cinyarsa ya yi wa shugaban 'yan sintiri waya. Suka kama wanda ya kawo shi, suka hana matasa taɓa shi, suka miƙa shi caji ofis kamar yadda doka ta ce. Baffa ya sayi lita goma aka zuba wa motar da ta kai shi kotu. Ɗayan har yau shiru, da san maƙwabci aka haɗa aka yi huɗar bana.